KWAMFUTA DA CIN WUTA: JAWABI GA MA'AIKATA DA MASU SANA'A NA ƘASAR BATSARI DA SAFANA



Wannan jawabi an shirya shi ne domin akawunan sakatariya, da shugabannin makarantu, da ma'aikatan asibiti, da samarin da suka buɗe shagunan buga takardu a Batsari da Safana, da garuruwan da ke ƙarƙashinsu, kamar su Ruma da Wagini da Runka da Zakka. Maganar da za a yi ita ce ta kwamfuta da abincinta. Abincin kwamfuta kuwa wutar lantarki ce. Kowa ya san ba a sayen doki sai an leƙa rumbu an ga ko akwai dawar da za ta riƙe shi. Amma abin mamaki, sau da yawa akan sayo kwamfuta daga Katsina ko Kano, a ɗora ta bisa tebur, a lulluɓe ta da ƙyalle mai kyau, sa'an nan a fara tunanin inda wutarta za ta fito.

A zamanin En'e, akawun hakimi keken rubutu gare shi. Keken nan ba ya cin kome sai zaren tawada da ɗan ɗigon mai, kuma ko a gindin bishiya aka ajiye shi zai yi aiki. Yanzu zamani ya juya. Lissafin albashi, da rajistar jarrabawa, da neman katin ɗan ƙasa, da rahoton allurar rigakafi, duk sai da kwamfuta. Saboda haka ranar da ta rasa wuta, ba ita kaɗai ke zaman banza ba. Akwai tsohon da ya biya kuɗin babur tun daga ƙauye domin takarda guda, ya wuni a bakin ofis, aka ce masa ya dawo gobe.

Kwamfutocin da ake aikin yau da kullum da su iri biyu ne. Akwai ta girke, wadda wasu ke kira ta tebur: akwati daban, allon kallo daban, allon rubutu daban, kowanne da igiyarsa. Akwai kuma ta tafi-da-gidanka, wadda samari ke kira laftof, ana ninke ta kamar littafi a jefa cikin jaka. In don rubuta wasiƙa ne, ko jera lissafi, ko cika fom a intanet, dukansu aiki ɗaya suke yi, wanda ya karɓi takardar ba zai iya faɗin wadda ta rubuta ta ba. Inda suka rabu shi ne wajen yawan ci, da kuma abin da kan same su in abinci ya yanke.

MUDUN AWON WUTA

Kafin a shiga lissafi, dole a san mudun da ake awo da shi. Kalmomi biyu ne kawai, wat da yunit. Wat shi ne awon ƙarfin da na'ura ke jan wuta, an ba shi sunan wani injiniya mutumin Sikotlan, James Watt, wanda ya rasu a 1819. Yunit kuwa shi ne abin da mita ke ƙirgawa, shi ake biya. In aka kwatanta da famfo, wat shi ne kaurin ruwan da ke zubowa daga bakinsa, yunit kuma shi ne abin da ya taru a randa bayan an jima ana tara. Duk abin da ke jan wat 1,000, kamar dutsen guga na lantarki, in ya yi sa'a ɗaya yana aiki ya ci yunit ɗaya ke nan. Tsohon ƙwan fitila mai wat 100 sai ya yi sa'a goma kafin ya ci wannan yunit ɗin.

To, akwatin kwamfutar girke irin ta ofis yakan ja tsakanin wat 40 da wat 100, gwargwadon tsufansa da nauyin aikin da aka ba shi. Allon kallo shafaffe yakan ƙara wat 20 zuwa 30. In kuwa tsohon allon nan ne mai ƙeya kamar talabijin ta dā, shi kaɗai yakan ja wat 70 zuwa 100. Saboda sauƙin lissafi, a ɗauka ta girke da allonta wat 100 suke ja. Ta tafi-da-gidanka, in rubutu da lissafi ake yi da ita, tsakanin wat 15 da 30 take ja, har da allonta. A ɗauki 30 ɗin, don kada a ce an yi mata alfarma.

Dalilin wannan bambanci ba asiri ba ne. Masu ƙera ta girke sun ƙera ta ne da zaton wutar bango ba ta yankewa, don haka ba su damu da tsimi ba. Ita kuwa ta tafi-da-gidanka tun farko an san da batir za ta rayu, shi ya sa aka sa mata ƙwaƙwalwa mai tattali da ƙaramin allo, kuma duk sashen da ba shi da aiki a cikinta sai ya yi barci har a neme shi. Tun dā ma tarihin kwamfuta tarihin rage ci ne. Wadda aka ƙera a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, mai suna ENIAC, aka nuna wa jama'a a 1946, nauyinta ya kai wajen tan 30, kuma tana jan wat 150,000. Watau abincinta ita kaɗai ya isa kwamfutocin tafi-da-gidanka 5,000, alhali kowace ɗaya daga cikinsu ta fi ta aiki nesa ba kusa ba.

Akwai kuskure guda da ya kamata a kawar tun nan. Mutum yakan duba bayan akwati ya ga an rubuta 300W, ko ya duba cajar laftof ya ga 65W, sai ya ɗauka abin da take ci ke nan. Ba haka ba ne. Wannan lamba kamar wadda ake rubutawa ce a jikin babbar mota, a ce tana ɗaukar tan goma. Iyakar abin da za ta iya ɗauka aka faɗa, ba a ce kullum da tan goma take yawo ba. Caja takan kusanci iyakarta ne kawai sa'ad da batir ya kwashe, ana cika shi kuma ana aiki lokaci guda.

LISSAFIN MITA

A ɗauka ana aiki sa'a 8 a rana, kwana 22 a wata. Ta girke za ta ci yunit 0.8 a rana, watau yunit 17.6 a wata. Ta tafi-da-gidanka za ta ci yunit 0.24 a rana, watau yunit 5 da 'yan kai a wata. Bambancinsu wajen yunit 12 ne.

Nawa ke nan a kuɗi? A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit zuwa naira 225 ga masu rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a rana. Ko da wannan farashi mai tsada aka yi lissafi, yunit 12 bai kai naira 3,000 ba. Garuruwan karkara kuwa da wuya a same su cikin wannan rukuni, yunit ɗinsu ya fi haka araha ƙwarai. Watakila mai sauraro ya ce, ashe duk surutun nan a kan abin da bai kai kuɗin cefanen kwana ɗaya ba ne? Da a ce wutar KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ita ce ke riƙe da aikin ofis tun safe har la'asar, da maganarsa gaskiya ce, da jawabin ma ya ƙare a nan. Ma'aikacin da ke zaune a Ingila, inda wuta ba ta ƙiftawa, lissafinsa ke nan, kuma yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet domin irinsa aka rubuta su.

LISSAFIN JANARETA

Amma mutumin Batsari da na Safana sun san abin da ke riƙe da shagon buga takardu ranar kasuwa. Janareta ne. Ƙaramin nan da ake yi wa kirari da "na fi maƙwabcina", mai ƙarfin wat 650 ko kusa da haka, yakan sha wajen rabin lita ta fetur a sa'a guda, ban da baƙin man da ake gauraya masa. Halin janareta kuwa halin jaki ne wajen ci. Ko an labta masa kaya, ko yana tafe ba kome a bayansa, harawarsa ba ta raguwa sosai.

Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. A 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, kuma tun daga nan farashin yana hawa yana sauka. A ɗauki naira 1,000 don sauƙin lissafi, kowa ya gyara da farashin garinsu.

Mai kwamfutar girke, in babu wutar gari, dole janareta ya yi ta ruri sa'a 8 cur, domin da ya tsaya ita ma ta mutu nan take. Lita 4 ke nan a rana, naira 4,000, a wata naira 88,000. A lura fa, yunit 0.8 kaɗai kwamfutar ta ci cikin wannan mai. Watau kowane yunit ya tsaya masa a kan naira 5,000, ya ninka farashin rukunin farko fiye da sau ashirin. Sauran man ya tafi a hayaƙi da zafi da ƙarar da ke hana maƙwabta barcin rana.

Ta tafi-da-gidanka kuwa raƙumi ce, guzurinta na cikin jikinta. Batirinta, in lafiyayye ne, yakan riƙe ta sa'a 3 zuwa 5 ana rubutu, domin da an zare igiya takan ƙara tsuke cinta. Mai ita sai ya fara aiki da cikakken batir da safe, ya yi sa'a uku janareta na kashe. Da hantsi ya ɗaga sai ya tayar da shi sa'a ɗaya da rabi, batir na cika, aiki na tafiya. Ya sāke kashewa har bayan azahar, sa'an nan ya tayar da shi wata sa'a ɗaya da rabi ya cika batir domin gobe. Sa'a 3 ke nan maimakon 8, lita ɗaya da rabi maimakon 4, naira 33,000 a wata maimakon 88,000. Naira 55,000 ta rage a aljihu kowane wata. Cikin 'yan watanni wannan rara ta biya bambancin da ke tsakanin kuɗin sayen kwamfutocin biyu.

Abin lura a nan shi ne, ribar ba daga ƙarancin wat kaɗai ta fito ba, daga kashe janareta ta fito. Wanda ya kawar da ta girke ya jona ta tafi-da-gidanka, amma ya bar janareta yana kuka tun safe har yamma don sabo, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Har wa yau akwai asarar da ba a rubuta ta a littafin ma'aji. Da wuta ta ɗauke, ta girke takan mutu da duk abin da ba a adana ba, ko da jerin sunayen ma'aikata ɗari ne aka wuni ana shigarwa. Yawan mutuwar farat ɗaya kuma yakan lalata ma'ajiyar bayanai da ke cikinta. Maganin wannan shi ne akwatin ajiyar wuta da ake kira UPS, amma ƙaramin da aka saba gani a ofisoshi minti goma ko ashirin yake riƙewa. An yi shi ne domin a adana aiki a kashe cikin mutunci, ba domin a ci gaba da aiki ba, kuma batirinsa ba ya daɗewa a ƙasa mai zafi. Ga kuma wuta mai rauni, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi. A jikin cajar tafi-da-gidanka an rubuta tana karɓar wuta tun daga bolt 100 har 240, don haka takan yi caji da wutar da tsohuwar ta girke za ta yi ta mutuwa tana farfaɗowa a kanta. Ke nan mai sayen ta girke, in ya faɗi kuɗinta, bai faɗi duka ba sai ya haɗa da UPS da sitabilaiza.

DA ABIN YA ZO GIDA

Wannan ba zancen kan takarda ba ne kawai. A ƙarshen watan Agusta na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga da ke fitowa daga dajin Rugu da kewayensa, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a wata doka ta tsaro. Cikin abin da ta ƙunsa har da hana sayar da fetur a jarka, da taƙaita gidajen man da za su yi ciniki a wasu ƙananan hukumomi, Batsari da Safana suna ciki. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a yankin. An yi haka ne domin a toshe wa ɓarayi hanyar samun mai da labari, kuma an sassauta daga baya. Amma janareta ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa, da jarka ake kai masa. A waɗannan watanni, wanda aikinsa ya dogara ga lita 4 kowace rana ya ga tasku, wanda kuwa ɗan faifan sola ya ishe shi, ko caji guda a inda aka samu, ya ci gaba da buga wa jama'a takardunsu.

Haka kuma a watan Oktoba na 2024, bayan da aka lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa, har da Katsina, sun yi fiye da mako guda babu wutar gari. Ba ƙauye kaɗai ba, har manyan birane.

Hukumar zaɓe ta ƙasa ta yi wannan lissafi tun tuni. Da za ta yi sabuwar rajistar masu zaɓe a farkon 2011, zamanin shugabancin Farfesa Attahiru Jega, ta sayo na'urori 132,000 domin kai wa kowace rumfar zaɓe. Kowace na'ura kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka ce, haɗe da abin ɗaukar hoto da na ɗaukar zanen yatsa. An sha wahala da wasunsu, musamman a kwanakin farko. Amma da ta girke aka ce za a kai kowace rumfa, da sai an bi kowace ɗaya da janareta da jarka, har ƙauyukan da mota ba ta shiga.

LISSAFIN SOLA

Allah ya hore wa ƙasar Katsina rana. Faifan sola mai wat 100, in an kafa shi daidai kuma ana share masa ƙura, yakan tara wajen yunit 0.4 a wuni. Ta tafi-da-gidanka 0.24 take bukata, saboda haka faifai ɗaya ya ishe ta, har a sami rarar cajin waya da ƙwan fitila. Ta girke 0.8 take bukata, kuma ba ta cin wutar batir kai tsaye sai an bi da ita ta inbata, ita kuma inbata takan ci ladanta, wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Ke nan sai faifai uku. A watan Agusta da hadari ke rufe sama, ko lokacin hazon hunturu, ukun ma sukan gaza.

Wajen batir ne tsadar ta fi yawa. Babban batir mai bolt 12, wanda aka rubuta wa 100Ah a jiki, yana ɗaukar yunit 1.2. In irin na darma ne, rabin wannan kaɗai ake taɓawa, domin wanda ke tatse shi har ƙasa kullum ba zai daɗe yana mora ba. Rabin nan zai riƙe ta girke wajen sa'a 5, ta tafi-da-gidanka kuwa fiye da sa'a 15. Shugaban makarantar da aka ba kuɗin sola, in ya cika ɗaki da kwamfutocin girke goma, ya ɗaura wa kansa sayen faifai da batir ninki uku na abin da zai saya da tafi-da-gidanka goma ya zaɓa. Abin da aka fi gani shi ne, kuɗin ba ya isa, sai a sayi sola ƙarama, batir ya mutu cikin shekara, a ce sola ba ta da kirki.

Ɗakin jarrabawa ya fi ko'ina nuna wannan. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma cibiyar da za a amince da ita sai ta tanadi kwamfuta 250. In na girke ne masu wat 100, wat 25,000 ke nan. In na tafi-da-gidanka ne, 7,500. Duk wutar da kwamfuta ta ci kuwa zafi take komawa, don haka ɗaki na farko kamar an kunna dutsen guga 25 ne a cikinsa, ga ɗalibai 250, ga zafin bazara. Sai kuma an nemo wata wutar domin fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Duk mai niyyar kafa irin wannan cibiya a Batsari ko Safana, domin rage wa yara tafiya Katsina ko Dutsin-Ma, da wannan lissafi ya kamata ya fara kafin ya sayi bulo.

INDA TA GIRKE TA FI

Kada a ce an yi wa ta girke rashin adalci, tana da nata alheri. Na farko, sauƙin gyara. In allon rubutunta ya lalace, a sayo wani da kuɗi kaɗan a jona. In ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, a kwance ƙusa biyu a hure. Ita kuwa tafi-da-gidanka kome nata a cushe yake wuri ɗaya, kofin shayi guda in ya kife a kanta yana iya gamawa da ita, kuma gyaranta sau da yawa sai an dangana da Katsina ko Kano.

Na biyu, ba ta da ƙafa. Tafi-da-gidanka kuwa sunanta ya bi ta. Takan shige cikin babbar riga ba a gani ba, kuma an sha ganin ta ofis ta bi maigida zuwa gida don aikin dare, daga nan ta zama ta yara, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki kuma ta bi shi. Wannan ba laifin na'ura ba ne, laifin riƙo ne. Maganinsa a rubuta lambar kowace ɗaya a littafin kaya, a san wanda ya sa hannu ya karɓa, a kulle ta a kabad in an tashi.

Na uku, aiki mai nauyi, kamar tace bidiyon biki ko zanen gini. Wannan yana son babbar ta girke, wadda kan ja wat 300 ko fiye, kuma mai wannan sana'a ya san abin da ya ɗauko. Amma akawun da ke kukan allon tafi-da-gidanka ya yi wa idonsa ƙanƙanta, ba sai ya koma ta girke ba. A jona masa babban allo daban, duka biyun ba za su wuce wat 50 ko 60 ba. Akwai kuma wata ƙaramar ta girke da ake yi yanzu, girmanta bai wuce littafi mai kauri ba, kayan cikinta irin na tafi-da-gidanka ne, cinta ma haka. Ta dace da ofishin da ke da sola mai batir, sai dai ita ba ta da guzuri a jiki.

Wani abin da ke ruɗar masu shago shi ne firinta. Firinta mai garin tawada da injin fotokwafi da zafi suke manna rubutu a takarda, saboda haka firintar takan ja wat 300 zuwa 600 sa'ad da take bugawa, babban injin fotokwafi kuwa yakan haura 1,000. Su ne ke durƙusar da ƙaramar inbata, a ɗora wa kwamfuta laifi. Dabara ita ce a tara bugu a yi shi cikin sa'o'in da janareta ke aiki. Firinta mai ruwan tawada kuwa cinta bai wuce na laftof ba.

GA MAI SAYE DA MAI RIƘO

Yawancin kwamfutocin da ake saye a wannan yanki na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka. Ba laifi ba ne, amma batir shi ne ke fara tsufa. Bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar yakan fara ja da baya, kuma tafi-da-gidanka mai mataccen batir ta zama ta girke mai ƙaramin allo, duk ribar kashe janareta ta tafi. Kada mai saye ya yarda da rantsuwar dillali. A cika batir, a zare igiya, a yi aiki da ita a gabansa rabin sa'a, a ga nawa ya sauka. Wanda ya iya kuma ya buɗe wurin ba da umarni na Windows ya rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoton da ke nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. In ya faɗo ƙasa da rabi, a cire kuɗin sabon batir daga cikin ciniki. A kuma tambaya ko tana karɓar Windows 11, domin kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma araha mai yawa a tsohuwar kwamfuta wani lokaci daga nan take.

Babban abokin gābar batir shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu awon zafi a nan yakan haura 40. Kada a bar ta cikin mota a rana, kada a ɗora ta bisa katifa ko matashi, domin ta ƙasa take shaƙar iska. In aka ga allon rubutu ya tasa ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura, a daina caji nan take a kai a cire shi, don yana iya kamawa da wuta. Cajar jabu kuma, mara nauyi a hannu, ta kashe kwamfutoci da yawa. Shi ma janareta a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa ya sha kashe mutane cikin barci.

Wanda ya riga ya mallaki ta girke ba a ce ya zubar ba. In allonsa mai ƙeya ne, ya canja shi da shafaffe, nan take ya rage wat 50 ko fiye. Ya saita ta ta yi barci bayan minti goma in ba a taɓa ta ba, domin a barci wat 2 ko 3 kaɗai take ja. Hotunan nan masu yawo a allo in an bar ta, ado ne kawai, ba sa rage kome. In an tashi aiki kuma a kashe daga bango, har da UPS da sitabilaiza, don su ma suna lasar wuta ko ba a jona musu kome ba.

Ga ma'aji da kwamitin sayen kaya kuwa, takardar neman 'yan kwangila kada ta tsaya a kan "kwamfuta goma". A rubuta wat nawa kowace ɗaya ke ja tana aiki, da sa'a nawa za ta yi in wuta ta yanke, da kuɗin duk abin da sai da shi za ta tashi, UPS ne ko inbata ko faifai. Ranar karɓar kaya kuma a gwada. Akwai ɗan abin awo da ake soka shi a soket, a jona kwamfuta a jikinsa, ya nuna wat ɗin da take ja a fili. In ba a same shi ba, mitar kati ma ta isa: a kashe kome na ofis, a rubuta lambar da ke kan mita, a kunna kwamfutocin goma su yi aiki sa'a biyu, a sāke dubawa. Na girke za su ci wajen yunit 2, na tafi-da-gidanka kuwa, in batirinsu cike yake, ba za su kai yunit ɗaya ba.